Kunyar 'Yar Fari

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:20 na yamma

Barista A'isha ce ta ce in riƙa rubutawa: wanda ya zo, abin da ya ce, rana da lokaci. Wai ƙwaƙwalwa tana ba mutum kunya a gaban alƙali, takarda ba ta yi. Na kusa yin dariya. Shekara sha shida ina buga wasiƙun gwamnati a sakatariya, yau ni Bilkisu ake koya wa sa kwanan wata.

Shekaranjiya aka sallamo yarinyar daga asibiti. Likita ya ce an kawo ta da wuri, shi ya sa abin da ta yi wa kanta bai kai ga rai ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan game da ranar Alhamis.

Tana sashen Hajiya, kakarta ta wajen uba, inda take tun da aka yaye ta. Shekararta sha huɗu. Ita ce ta fari a wurina, kuma sunan Hajiyar aka sa mata, kunya biyu ke nan a kaina. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa goya ta a gaban mutane ba. In zan aike ta sai in ce "ke", in ana maganarta in ce "ta wajen Hajiya". Ita kuma Anti take ce mini. Haka na taso na ga ana yi, haka aka yi mini, har yabona ake yi a Ƙofar Kwaya wai Bilkisu akwai kara.

Yau ba ta ci komai ba sai koko rabin kofi.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 7:10 na safe

Maigidan ya tare ni ina shirin fita. Malam Mannir mutum ne mai sanyi, amma tun ranar Alhamis idonsa bai koma fari ba.

"Bilki, ba ni wayar yarinyar nan in kai ma Kabiru ya goge komi da ke ciki. Mu huta."

Kabiru ɗan Alhaji Maitama ne, maƙwabcinmu, aminin surukina. Yana da shagon gyaran waya a bakin titi, duk wayar da ta shigo unguwar nan shi ke haɗa ta.

Na ce, "Na aje ta."

"Ina?"

"Inda na aje."

Tana cikin durowata a ofis, a kashe, makulli a bakin zanina. Barista ta ja mini kunne: kada a goge, kada a tura wa kowa ko da ni kaina ce, kada a ba shi amsa. Ko ba ta faɗa ba ma, ni ban taɓa yaga fayil don labarin cikinsa ba daɗi ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Na koma wajen Barista. Tana cikin ƙungiyar lauyoyi mata, wata abokiyar aikina ce ta haɗa mu. Gajeruwa ce, muryarta ta fi ta girma.

Ta sa na maimaita mata daga farko. Wata "Anti Hajo mai lalle" a manhajar da yara ke sa hotuna, wai tana neman 'yan mata masu kyan hannu don talla. Da hoton hannu aka fara, aka zarce zuwa hotunan da ba a nuna wa kowa. Wata huɗu ana abu ɗaya. Daga baya sai barazana: in ba ta turo wani ba, na baya za su tafi zauren hira na waya na 'yan makarantarsu, su tafi wayar kakanta. Barista ta ce babu wata Anti Hajo, namiji ne, kuma da wuya a ce yarinyarmu kaɗai ce.

Na tambaye ta abin da talaka zai iya yi. Ta ce talaka na da ƙofofi, shiga ce ba ya yi. Akwai dokar tarayya kan laifuffukan intanet, akwai ta jiha ta kare yara, kuma a duka biyun yarinya ba mai laifi ba ce ko da da hannunta ta ɗauka ta tura. Na sa ta sake faɗin wannan, ta sake. Sai a kai ƙara wajen 'yan sanda, su karɓi wayar, su bi sawu. Ita kuma za ta rubuta wa kamfanin manhajar su rufe shafin, su sauke abin da ke kai, amma su adana bayanansa don masu bincike. In an kama shi an hukunta shi, muna iya neman diyya daban.

Na ce, "Shi kamfanin fa? Ba ta ƙofarsu ɓarawon ya shigo ba?"

Ta ce ana yi a wasu ƙasashe, iyaye na haɗuwa su maka su a kotu, amma daga nan doguwar tafiya ce. Mu fara kama wanda hannunmu zai kai.

Abin da ya fi damuna na bari sai ƙarshe: sunanta. Ta ce za a roƙi kotu ta fitar da jama'a ranar da za ta yi magana, kuma ba a yarda a buga sunan yaro a irin wannan ba.

Da zan tashi ta ce, "Hajiya Bilkisu, wata huɗu ba ta gaya maki ba?"

Na ce rana ta yi, zan makara komawa ofis.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 6:00 na safe

Mako guda.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe 11:30 na safe

Na gaya wa maigidan zan kai ƙara. Ya ce, "Baba ba zai so ba." Na ce ai ba Baba aka yi wa ba. Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Na ɗauki shirun a matsayin izini, in ya so Allah ya yi mana hisabi.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 3:45 na yamma

Mun je ofishin 'yan sanda: ni da Barista da ita. Hajiya ta yafa mata babban mayafinta har yana jan ƙasa. Wata 'yar sanda ce ta karɓe mu a ɗakin da ake sauraron mata da yara, ta rufe ƙofa, ta ba ta ruwa. An karɓi wayar, an rubuta, na sa hannu, an ba ni takardar shaida.

Sai ta ɗauki biro ta ce, "Sunan yarinya?"

Na juya wajen Barista kamar yadda nake juyawa wajen Hajiya a asibiti ko makaranta. Barista ta ce, "Ke ce uwa, ke ce mai ƙara."

Fanka na ta juyawa. 'Yar sandan ta ɗago tana jira.

Na ce, "Halimatus Sa'adiyya."

Ban kalle ta ba, amma na ji ta juyo gaba ɗaya tana kallona. Ƙasa ba ta tsage ba. Shekara sha huɗu ina tsoron abin da bai fi numfashi ɗaya ba.

A rubuce dai har yanzu hannuna bai saba ba. A bar ni da "ita".

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Ta ci tuwo loma biyar. Hajiya ce ta ƙirga, ta aiko a gaya mini.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 10:00 na safe

Barista ta kira, an rufe shafin. Na yi hamdala, sai kuma na zauna ina tunanin abin da mutumin ya riga ya kwafa ya ajiye. Ba a ɓari a kwashe duka, na sani. Amma wanda za a iya kwashewa sai na kwashe shi.

Na shiga sashen Hajiya da niyyar in zauna kusa da ita. Na tarar tana kwance ta juya wa ƙofa baya. Na tsaya, na gyara labule, na tambayi Hajiya ko akwai sauran daddawa, na fito. Ni da nake tsayawa gaban babban sakatare in gaya masa wasiƙarsa da kuskure.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 1:00 na rana

Shiru. An ce bincike ba ya son gaggawa. A makaranta mun ce zazzaɓi ne mai naci.

Talata, 27 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na yamma

Kabiru ne.

Talata, 27 ga Mayu, bayan magariba

Ɗazu hannuna ya ƙi. Yanzu zan rubuta yadda Barista take so.

Ƙarfe biyu da rabi 'yan sanda suka zo shagon, ba kaki a jikinsu, suka tafi da shi da wayoyi uku da kwamfuta. Layin da aka buɗe shafin da shi nasa ne. Shi ya haɗa mata wayar ranar da Hajiya ta sayo mata, shi ya sa mata manhajar da hannunsa. Mutum mai shekara talatin da ɗaya, mai mata da ɗa. Ya ci tuwon gidan nan. Ranar da aka kwantar da ita har asibiti ya zo da lemo a leda, ya ce, "Anti Bilki, ya mai jiki? Allah shi ba ta lahiya." Na ce amin. Na ce masa amin!

Maigidan ya shigo ya zauna a bakin gado. Can ya ce, "Da kin ba ni wayar nan ran nan..." Bai ƙarasa ba, ya tashi ya fita. Na ji shi yana amai a bayan ɗaki.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

Unguwa ta ɗauka. An san an kama Kabiru kan "harkar waya", ba a san ɗiyar wa ba. Mai kayan miya ta tsare ni wai ko na ji labari. Na ce tattasai na zo saye.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan la'asar

Baba Alhaji, surukina, ya aiko in same shi a zaure. Na tarar da shi da Alhaji Maitama, da maigidan a gefe kansa a ƙasa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe su, gajiya, iyali, zafi, duk muka bi.

Alhaji Maitama ya tsufa cikin kwana huɗu. Ya ce, "Ɗiyata, ni dai na zo roƙo. Yaron ga ya ci amana, ban musu ba. Amma shekara hamsin muna tare da gidan ga. Ku rufa mani asiri, Allah shi rufa maku." Hawaye na bin gemunsa. Wallahi ya ba ni tausayi, shi ba abin da ya yi.

Baba Alhaji ya ce sun gama magana. Za a janye ƙara, za a tura Kabiru Legas wajen kawunsa, ita kuma a kai ta Batagarawa wajen gwaggonta har ƙura ta lafa. Ya ce, "Kotu tonon asiri ce. Gobe wa zai nemi aurenta? Kuma a faɗi gaskiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Na ji maganar har tafin ƙafata.

Sai ya miƙo mini takarda da rubutun hannunsa. Tun da na shigo gidan nan duk wasiƙar da za ta fita, ta fili ce, ta fansho ce, ta neman makaranta ce, ni ke bugawa. Ya ce, "Ki buga mamu wannan ran Litinin, ki sa hannu tunda ke kika kai."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "To, Baba." Abin da bakina ya saba faɗa ke nan, ya fita tun kafin in tambaye shi.

Lahadi, 1 ga Yuni, ƙarfe 8:15 na safe

Na kira Barista. Ta ce irin wannan laifin ba na iyali ba ne da za su yafe a zaure, tsakaninsa da hukuma ne. Amma kada in ruɗi kaina: in mai ƙara ta janye, aka ɓoye shaida a ƙauye, shari'a takan mutu a tsaye. Ta ce a wayoyinsa an ga wasu yaran, ba za ta gaya mini ko su waye ba, kuma har yau ba gidan da ya fito.

Ta ce, "Ba zan tilasta maki ba. Amma ki tambayi mai abin."

Tambayar mai abin ita ce aikin.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 12:40 na rana

Takardar na gabana a ofis. Na karanta ta sau huɗu. A layi na uku an rubuta cewa "rashin fahimta ce irin ta yara". Na sa farar takarda, na buga kwanan wata, na buga adireshi. Yatsuna suka tsaya a nan.

Litinin, 2 ga Yuni, ƙarfe 6:00 na yamma

Na shiga sashen Hajiya, ban tambayi daddawa ba. Na zauna a bakin katifarta. Hajiya ta dube ni, ta ɗauki butarta ta fita, ta ja mana ƙofa.

Na gaya mata komai, har Batagarawa. Na ce in ta ce a bari, za a bari, ba wanda zai ga laifinta.

Ta ce, "Anti, in an kai shi Legas, can ma akwai yara ko?"

Na ce akwai.

Ta ce, "To ni ba ni zuwa Batagarawa. Ba ni na yi abin gudu ba."

Talata, 3 ga Yuni, ƙarfe 7:30 na safe

Na mayar wa Baba Alhaji takardarsa yadda ya ba ni. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ban taɓa ƙin aikenka ba, wannan ne ba zan iya ba."

Ya ce, "Ke da ko sunanta ba ki faɗi, yau ke ce mai ɗiya?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya kalli ɗansa. Maigidan ya share zufa ya ce, "Baba, ni na so in kai mashi wayar da hannuna. In na sake rufa mashi asiri, na zama abokin aikinshi." Ban taɓa jin ya mayar wa mahaifinsa magana ba sai yau.

Baba Alhaji ya tashi ya shige ciki.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, bayan azahar

Na gaida Baba Alhaji barka da Sallah, ya ci gaba da jan carbi. Kwana uku ke nan. Yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba, mutumin nan shi ya riƙe ni kamar 'yarsa lokacin da mahaifina ya rasu. Gobe ma zan je in gaishe shi.

Asabar, 7 ga Yuni, ƙarfe 4:00 na yamma

Gidan Alhaji Maitama sun aiko da cinyar rago kamar kowace shekara. Na tsaya ina kallon tiren ban san abin yi ba. Hajiya ta fito tana dogara sanda ta ce a karɓa, a mayar masu da tamu cinyar. "Zumunci daban, shari'a daban. Uban bai ci mana komi ba." Sannan ta rage murya ta ce, "Amma takwarata ba ta cin wannan. A kai ma masu gadi."

Ashe tsohuwar nan tana tare da mu. Ta ce tun ranar Alhamis ɗin ba ta yi barcin kirki ba, don ita ta sayi wayar. Na ce ita waya ta saya, ba mugu ba.

Talata, 17 ga Yuni, ƙarfe 2:10 na rana

An gurfanar da Kabiru. Ya ce bai aikata ba. Lauyansa ya nemi beli, an sa ranar sauraro. Ni da maigidan muka je, ita tana gida. Kabiru ya rame, ya ƙi kallon inda muke. Matarsa na bayanmu da goyo, ita ma wata abar tausayin.

Lauyan gwamnati ya nemi a saurari shaidar yarinya a keɓe, alƙali ya amince. Takwas ga Yuli.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan la'asar

An yi ruwa mai ƙarfi. Ta fito tsakar gida ta tara bokiti, har ta yi wa Hajiya tsiya wai tsohuwa na tsoron tsawa. Ta koma makaranta tun Litinin. Wata ta yi mata habaici a aji, ta dawo ta yi kuka, da safe ta sake sa hijabinta ta tafi.

Baba Alhaji ya amsa gaisuwata yau. "Lahiya." Kalma ɗaya, na karɓa.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe 5:50 na yamma

Gobe ne. Yau mun je ofishin Barista ta nuna mata yadda zaman zai kasance: inda za ta tsaya, wanda zai fara tambaya, in ba ta gane ba ta ce a maimaita, in ta gaji ta ce ta gaji. Ta gargaɗe ta cewa lauyan Kabiru zai matsa a wuri ɗaya: in da gaske tilasta mata aka yi, me ya hana ta faɗa wa wani har wata huɗu? Ta ce kada ta ƙirƙiri komai, ta faɗi gaskiya kawai.

Mun hau napep mu biyu. Mun kusa Ƙofar Kwaya ta ce, "Anti, tambayar nan. In na faɗi gaskiya za ki ji haushi."

Na ce ta faɗa mini tukuna.

Ta ce sau uku ta zo wurina don ta gaya mini. Na farko ina tankaɗe a madafa, ta tsaya a bakin ƙofa, na ce mata ba tare da na ɗago ba, "Ke, mi kike nema? Je ki wajen Hajiya." Na biyu ta biyo ni har bakin titi da safe, maƙwabta na zaune, na yi sauri na wuce don kada a ce ina hira da 'yar fari. Na uku daren Laraba ne, ta yi sallama a ƙofar ɗakina, na ce in wani abu ne a bari sai da safe. Da safen ita ce Alhamis.

Duk na tuna su. Har launin hijabin da ke jikinta a bakin titi na tuna.

Ta ce, "Sai in ce tsoro ne ya hana ni. Ai ba ƙarya ba ce, ina jin tsoron."

Mai napep ya tsaya a ƙofar gida, mutane na zaune a dakali, Baba Alhaji a cikinsu. Na kama hannunta a gabansu, ban saki ba.

Na ce, "A'a. Ki faɗa masu yadda kika faɗa mani, ukun duka. Ki ce kin zo wajen uwarki ta kau da kai. In alƙali na son mai shaida, ina bayanki, ni zan tashi in ce haka aka yi."